Randar da Take Tafasa Babu Wuta

Ajiye bidon nan, jarkar kunun naku, a inuwa, Balki, ki daina karkaɗa mini shi a fuska. Na ji ai. Kun je Magarya, an yi muku formasiyo, horon kwana biyu, an raba muku kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, kun dawo kun iya kunun zaƙi. Gero, citta, kanumfari, sukari, a jefa galas, ƙanƙara ke nan, ya yi sanyi, a ɗura a bido, shi ke nan. Jiya da la'asar kuka dama, yau kun kawo wa tsohuwa ta ɗanɗana ta sa muku albarka. Za a ɗanɗana, amma ba yanzu ba. Ku zauna ku huɗun. Ke jikata ce, waɗannan ƙawayenki ne, duk ɗaya kuke a wurina, kuma wajen gaggawa ba wadda ta fi wata. Shekara arba'in da ɗoriya ina sayar da kunu a kasuwar Bande, amma har yau in na ɗaga faifai daga bakin randa da safe sai na tsaya ina kallo, don ban gama mamakin abin ba. Ku kuwa kwana biyu sun ishe ku.

Juya tsiro shi ne aikina na farko. Ina da shekara takwas aka kai ni riƙo wurin ƙanwar ubana, Gwaggo Tarana, a wani ɗan ƙauye bayan Yekuwa. Ubana yana salla, Gwaggo ba ta yi. Tana cikin Anna, waɗanda ba su bar addinin kakanni ba, kuma sana'arta dafa giya, burkutun jar dawa. Kada ku zaro mini ido. Na ɓoye maganar nan shekara da shekaru, na ga abin da ɓoyon ya jawo mini, yanzu na daina.

Dawa za a jiƙa kwana ɗaya, a tsame, a baza a ɗaki mai duhu, a rufe da ganyen kalgo. Safe da yamma ina shiga da ƙwaryar ruwa in yayyafa, in sa hannu in juya ta a hankali. Kwana na farko ba komai. Na biyu ba komai, sai ɗan ƙamshin ƙasa. Rana ta uku in ka tura hannu ƙarƙashin ganyen sai ka ji ɗumi kamar cikin kaza mai kwanci, alhali ba wuta a ɗakin, ba rana. Ƙwayar da ta shekara a rumbu tana da tauri kamar tsakuwa, ga ta ta fito da farin gashi ta riƙe ƴar uwarta. Gwaggo takan tsinci ƙwaya ɗaya ta miƙo mini.

"Tauna, Mairo. Me kika ji?"

"Zaƙi, Gwaggo."

"Wa ya sa masa zuma?"

"Ba kowa."

"To ki riƙe wannan. Zaƙin yana cikinta tun a gona, barci yake yi. Mu tada shi kawai muke yi."

In tsiron ya wuce gaɓar yatsa, ya cinye zaƙinsa da kansa. In bai kai ba, zaƙin bai farka ba. Tsakanin biyun nan rabin yini ne kacal, kuma babu kayen da zai gaya muku lokacin, sai haƙori. Sau ɗaya na tafi wasa na bar shi bai juyu ba, ya yi furfura ya yi wari. Gwaggo ba ta dake ni ba. Ta sa na kwashe tiya shida da hannuna na watsa wa kaji, tana tsaye tana kallona. Wallahi da ta dake ni da ya fi mini sauƙi.

Dafuwa kwana biyu take ci. A shanya tsiron ya bushe, a niƙa a dutse, a kwaɓa da ruwa, a ɗora a manyan tukwane, ana tura kara ana juyawa da muciya har kafaɗa ta mutu. A sauke a bar shi ya kwana ya ɗauki tsami. Washegari a sake dafawa, a daka karan kuɓewa a zuba, yauƙinsa ya janye dusa ƙasa, ruwan ya taso sama ja wur. Wannan ruwan shi muke kira ruwan zaƙi. Gwaggo takan ɗebar wa yaran unguwa a ludayi, har ƴaƴan masu salla, tana cewa wannan ko liman ya sha ba laifi. Gaskiyarta ce, ba ya bugarwa ko kaɗan. Bai zama giya ba sai ya shiga randa.

Randar nan baƙa ce, ta kai mini ƙirji a lokacin, ginin wata maginiya ta Guci da ta mutu tun kafin a haife ni. Gwaggo ba ta taɓa wanke cikinta da toka ba, ɗauraya kawai. Da yamma za a juye ruwan zaƙi a ciki in ya huce, a rufe da faifai. Ba ta ƙara komai, ni shaida ce. Da gari ya waye sai ta kamo ni ta ƙeya ta manna kunnena a jikin randar. Ba zan manta ranar farko ba. Randar da sanyinta, ba murhu a ƙarƙashi, ba ko toka, amma ciki yana tafasa, yana wani sis-sis-sis ba ƙaƙƙautawa. Na ja da baya, tsoro ya kama ni, na ce akwai wani abu a ciki.

"Akwai," in ji Gwaggo.

"Mene ne?"

"Da na sani da na gaya miki. Uwata ma ba ta sani ba. Randa ce ta iya aikinta."

Rumfar Gwaggo tana ƙarƙashin wata tsamiya a bayan gida, gungume uku aka jera, sai ƙoƙuna a rataye. Ranar kasuwa take cika, da ranar da aka tashi daga gayya. Ba wurin hauka ba ne irin wanda kuke ji ana faɗa. Dattawa a gungumen gabas, samari a ƙasa, wanda ya fara ɗaga murya Gwaggo ta karɓe ƙoƙonsa ta kife, ya tashi ke nan, ko da sarkin noma ne. A nan ake sasanta rikicin iyakar gona, a nan ake sa ranar gayyar wane, a nan ake jin wanda rumbunsa ya ƙare, a haɗa masa damman hatsi ba tare da an kunyata shi ba. Kuma mutanen nan sun san abin da suke sha. Akwai wani Nomau, dogo, manomin gyaɗa, shi ne mai bakin rumfar. Ba ya kurɓa sai ya kai ƙoƙo hanci ya lumshe ido. Sai ya ce, "Tarana, yau da karan gero kika dafa, ba na dawa ba." Ko ya ce, "Wannan dawar jigawa ce, ba ta fadama ba." Bai taɓa kuskure ba. Na tambaye shi yadda take a baki, don ni Gwaggo ta hana ni. Ya ce tsami ne yake fara gaishe ka a bakin ƙofa, sai hayaƙi, sai wani ɗan cizo a harshe, zaƙin kuwa yana can ƙurya, sai ka haɗiye yake leƙowa. Ya ce ta ranar farko yarinya ce, ta rana ta biyu ta yi hankali, ta rana ta uku masifaffiyar tsohuwa ce, sai mai ƙarfin hali.

Abu ɗaya ne Gwaggo ba ta taɓa tsallakewa ba. Duk ƙoƙon da za ta miƙa, sai ta kurɓa tukuna a gaban mai sha. Ko mutum hamsin ne, sau hamsin za ta taɓa leɓe. Na ɗauka don kada a ce ta sa wa wani magani ne. Ta ce har da wannan, amma ba shi ne babba ba. Ta ce abin da ke cikin randa mai rai ne, wanda ta sani da safe ba shi ne na azahar ba. Ta ce mai dafuwa ba ta da ikon ba mutum abin da bakinta bai sani ba a wannan lokacin.

Ina girma rumfar tana raguwa. Wannan ya fara salla, wancan ya tafi birni, gungume uku suka koma ɗaya. Nomau ma ya tuba ya bar garin. Ni aka yi mini aure aka kawo ni Bande, na zo da hannun Gwaggo, na bar giyarta a can. Kunun zaƙi na kama, kuma a nan ne za ku buɗe kunne, masu kaye. Ƙullun gero ana raba shi biyu. Babban kashi a sheƙa masa tafasasshen ruwa ya yi kauri har muciya ta tsaya a ciki da kanta. A bar shi ya huce daidai yadda za ka tsoma yatsa ka ƙirga goma ba ka cire ba. Sannan a kawo ƙaramin kashi, ɗanye, wanda aka niƙa da tsiro da citta da kanumfari, a juye a gauraya a rufe. Da safe abin da muciya ta tsaya a cikinsa jiya ya tsinke ya zama ruwa, ya yi zaƙi har maƙogwaro, ba a sa masa ko ƙwayar sukari ba. In ya cika zafi ka zuba tsiro, ka kashe shi. In ya cika sanyi, ba zai tashi aiki ba. Tafin hannu ɗaya na tsiro yana narkar da randa guda, kuma har yau ban san ta yaya ba. Ikon Allah kawai nake cewa.

Da na fara zama a kasuwa, yadda na gani haka nake yi, in kurɓa in miƙa. Wata rana wata mata mai sayar da daddawa kusa da ni ta ce da ƙarfi, don a ji, "Wannan kurɓe-kurɓen ai na gidan giya ne. A ina kika koyo?" Kunya ta rufe ni. Daga ranar na daina. Na ce wa kaina al'adar Anna ce, ni kuwa mai salla ce, me zan yi da ita. A nan Bande na sake ganin Nomau. Ya zama Malam Nomau mai fataucin gyaɗa, sahun gaba a masallaci, in liman ba ya nan shi ake turawa ya ja salla. Ba wanda ya san inda ya fito sai ni, ba wanda ya san inda na fito sai shi. In ya zo shan kunu mukan gaisa, in ce Baba ina kwana, ya ce lafiya lau ƴar nan, ba mu taɓa ambaton tsamiyar nan ba. Da Gwaggo ta rasu aka aiko mini da gadona a amalanke, muciya biyu da baƙar randa. Na kai ta bayan rumbu na kife, na jefa mata tsohuwar tabarma.

Shekarar da fara ta sauka mana, ruwa kuma ya ɗauke tun gero bai yi ido ba, ita ce ta kusa raba ni da sana'a. Rumbuna suka ƙare tun kafin bazara. Hatsin da ake samu sai wanda kamiyo, babbar motar kaya, yake kawowa daga nesa. Na sayi dawa tiya huɗu na jiƙa na baza na rufe, ina yayyafi safe da yamma. Kwana uku, kwana huɗu, na tura hannu, sanyi ƙalau. Kwana biyar ta ruɓe. Na sake, ta sake ruɓewa. Dawar nan a ido lafiyayya ce, tana tuwo, amma matacciya ce, ko ta daɗe a sito ko wani abu aka yi mata, oho. A shekarar na koyi ƙulla ƙwaya goma a jiƙaƙƙen tsumma in ga nawa za su tsira kafin in saya. Da na rasa tsiro na koma sukari, irin naku. Masu saye suka kurɓa suka dube ni. Wani tsoho ya ce, "Mairo, wannan zaƙin a bakin ƙofa ya tsaya, bai shiga ɗaki ba." Ɗaya bayan ɗaya suka janye, har na koma ina dawowa gida da rabin randa.

Ana cikin haka Malam Nomau ya dawo daga Makka, don ya biya kujerarsa tun kafin farar ta zo. Ya aiko aka kira ni. Ya ce zai yi walima, malaman Bande da na ƙauyuka duk za su zo, da surukansa daga Dungas, kuma a shekara irin wannan yana so kowa ya sha abin kirki. Ya sa aka buɗe wani ɗan rumbu da ba ya bari a taɓa, aka auno mini jar dawa ta iri, wadda ya ajiye don shuka.

"Baba Alhaji, irinka ne fa."

"Na sani. Ki yi mana na tsiro, irin wanda hannunki ya sani. In mutane suka sha, za su tuna hanyar rumfarki."

Na gane taimakona yake yi. Na kuma gane in wannan aikin ya ɓaci, na gama sayar da kunu a garin nan.

Dawar nan ta tsira kamar tana jira. Rana ta uku na tura hannu na ji ɗumin nan, sai da na yi hamdala a fili. Amma randunana uku ne, aikin kuwa na huɗu ne. Maƙwabta duk nasu na ruwa ne, bazara ce, ba mai ba ka aron randa. Sai na tuna da ta bayan rumbu. Shekararta bakwai a kife, gizo-gizo ya yi gida a ciki. Na wanke ta da tafasasshen ruwa, na dirje da toka, na sake, na sake, sau uku, na shanya ta a rana yini guda. Na ce ko me ke cikinta ai ya mutu tuntuni. Na dama, na juye, na rufe duka huɗun.

Da asuba na tace. Na ɗanɗana kowace randa, lafiya lau. Ta Gwaggo ma ta fi sauran, zaƙinta ya fi zurfi, ga wani ɗan ƙamshi da ban taɓa samu a kununa ba. Daɗi ya kama ni. Na ɗura bido takwas, biyun da suka fito daga baƙar randa na ɗaura musu jan tsumma, na ce wa mai amalanke waɗannan su ne na gaban malamai, kada a ba kowa. Da hantsi ya tafi da su. Walima sai bayan azahar. Da ina kan koyarwar Gwaggo da na bi kayana na zauna kusa da su, in kurɓa in miƙa. Sai na zauna gida ina jiran yabo.

Ana kiran azahar na je wanke randuna. Uku na wanke ba komai. Na sunkuya kan ta huɗu, akwai ɗan saura a gindinta da ban kwashe ba, sai na ji shi. Sis-sis-sis. Na manna kunnena a jikinta kamar ina ƴar shekara takwas. Tana tafasa, babu wuta. Na tsorata, amma ba zan yi muku ƙarya ba, tare da tsoron akwai mamaki. Shekara bakwai, ruwan zafi, toka, rana, duk ba su kashe abin da ke cikin yumɓun nan ba. Na figi mayafi na fita ko takalmi ban sa ba, ƙasa kuwa tana ƙuna.

Na tarar an idar da salla an zazzauna a ƙofar gidan Alhaji, tabarmi har bakin hanya. Maza ne zalla, ba ni da hanyar kutsawa, na tsaya jikin zana ina haki. Ina gani aka kawo bido mai jan tsumma, ya kumbura ya yi ciki. Da aka murɗe murfin ya yi tsaki, samari suka yi dariya suka ce zafi ne. Aka zuba wa liman, aka zuba wa Alhaji da ke gefensa cikin fararen kayansa. Na yi ta ɗaga hannu, ba wanda ya waiwayo. Liman ya yi bisimilla ya ɗaga ƙoƙo. Alhaji kuwa, halin da bai bar shi ba, ya kai nasa hanci ya lumshe ido. Sai na ga ya buɗe idon, ya miƙa hannu ya dafe hannun liman.

"Malam, dakata. Wannan a zubar da shi."

Liman ya sunsuna ya ce, "Ɗan tsami ne ya yi, Alhaji. A shekara irin wannan ba a zubar da abinci don tsami. Tsami ai ba haram ba ne."

"Ba tsami ba ne. Ya tashi."

Wani daga cikin surukansa ya ce, "Haba Alhaji, kunu ne fa. Ta ina ka san ya tashi?"

Alhaji ya dubi ƙoƙon hannunsa. Ni kaɗai a wurin na san abin da yake aunawa. In ya ƙyale, malamai arba'in za su sha giya a ƙofar gidansa ranar walimar hajjinsa. In ya faɗi yadda ya sani, abin da ya binne shekara talatin ya fito. Ya ajiye ƙoƙon a ƙasa a hankali.

"Malam, shekara ashirin na yi ina shan wannan kafin Allah ya shirye ni. Ko idona a rufe na san ta. Wannan ta ranar farko ce."

Ƴaƴansa suka sunkuyar da kai. Surukin nan ya kau da fuska. Liman ya ajiye ƙoƙon da ke hannunsa ya ce Allah ya ƙara shirya mu baki ɗaya, a zubar, a kawo sauran. Aka kai bido biyun bayan gida aka tuntsurar, ƙasa ta yi kumfa. Irin shukar mutum ne nake kallo yana bin rairayi a shekarar yunwa.

Da aka fara watsewa ya taso ya zo jikin zana inda nake. Na durƙusa, na kasa ɗaga kai.

"Randar Tarana ce?"

"Ita ce, Baba."

"Shekara nawa rabonta da aiki?"

"Bakwai. Na wanke ta sau uku da toka."

Ya girgiza kai. Na saci kallonsa, ban ga fushi a fuskarsa ba, mamaki na gani, irin nawa. Ya ce, "Ikon Allah. Ba ta manta ba." Sannan ya ce, "Ita randa ba ta manta aikinta ba, Mairo. Ke ce kika manta naki. Tarana ba ta taɓa miƙa wa mutum ƙoƙo ba ta kurɓa ba."

Kafin magariba labari ya gama Bande. Ni na zama ƴar gidan giya, shi ya zama tsohon mashayi. Daga ranar ba a sake tura shi gaba ya ja salla ba har ya koma ga Allah, kuma bai taɓa yi mini ƙorafi ba. Na ɗauki taɓarya na nufi randar zan fasa ta. Na ɗaga, na kasa. Me ta yi? Abin da aka gina ta dominsa ta yi.

Ranar kasuwa na fita da ƴar randa ɗaya daga ragowar tsiron, don in na zauna gida na san ba zan ƙara fita ba. Har rana ta take ba wanda ya tsaya, mai daddawa tana ta yi wa mutane nuni da baki. Sai ga Alhaji da sandarsa. Ya zauna a bencina, tsakiyar kasuwa, ya ce, "Zuba mini, ƴar nan." Na zuba na miƙa. Bai karɓa ba. Ya harɗe hannuwa yana kallona. Sai na gane. Na ɗaga ƙoƙon na kurɓa a gaban mai daddawa da mahauta da duk wanda ke da ido, sannan na miƙa, ya karɓa ya shanye. Haka ya riƙa yi kowace kasuwa. A hankali mutane suka dawo, ba duka ba, akwai waɗanda har suka mutu ba su sake shan kununa ba. Amma tun daga ranar ƙoƙo bai bar hannuna ba sai na san abin da ke cikinsa.

Randar tana nan bayan rumbu, a kife, in kun tashi ku leƙa ta. Ko ruwan alwala ba na zubawa a ciki.

To, Balki. Tun da kuka zauna nake jin bidon nan naku, ku ba ku ji ba don ba a koya muku saurare a Magarya ba. Tun jiya da la'asar, ga sukari, ga zafin nan, kuma na tabbata tsohon bidon kunun wata kuka aro kuka ɗauraye sama-sama. Dubi cikinsa yadda ya taso. Durƙusa ki sa kunnenki. Kin ji? Yauwa, haka ni ma na zaro ido. Kada ki ji tsoro, ba aljani ba ne, ko da yake ni ma ban san ko mene ne ba. Ɗauko ƙoƙo ki zuba. A'a, ba ni za ki miƙo wa ba. Wa ya dama? To ke za ki fara. Kai shi hanci tukuna, sannan ki taɓa harshe. In ya wuce maƙogwaronki, sai ki miƙo mini.